Yadda Ake Saita Jadawalin Farashin Hannun Jari Ya Dace da Kasuwar Legas

Manhajojin zana jadawalin farashi irin su TradingView da MetaTrader ba da kasuwarmu a zuci aka ƙera su ba. Saitin da suke zuwa da shi ya fi dacewa da mai cinikin kuɗin ƙetare ko hannun jarin Amurka, inda ciniki ba ya tsayawa muddin kasuwa na buɗe. Kasuwar hannun jari ta Najeriya, wato NGX da ke titin Customs a tsibirin Legas, tata tafiyar daban ce. Akwai kamfanonin da za a yini ba a taɓa hannun jarinsu ba, akwai iyakar kashi 10 cikin ɗari da farashi ba ya wucewa a rana ɗaya, sama ko ƙasa, ga kuma darajar naira da ke sauya ma'anar kowace lamba. Matasanmu na Agege da Idi-Araba da Obalende, har da 'yan canjin Allen da Broad Street, da yawa sun buɗe asusu wajen dillali sun sauke manhaja, amma sai ka tarar mutum ya ɓata yammaci guda yana zaɓen launi alhali agogon jadawalinsa na kan lokacin wata ƙasa. Don haka za mu fara da abubuwan da ke iya sa jadawali ya yi maka ƙarya, ado ya biyo baya.

Fara da tabbatar da abin da kake kallo

A TradingView, danna akwatin nema da ke sama ta hagu, ka rubuta gajeren sunan kamfanin: DANGCEM na simintin Dangote, MTNN na MTN Najeriya, ZENITHBANK, GTCO, BUAFOODS, JAIZBANK da sauransu. Kafin ka zaɓa, duba sunan kasuwar da ke gefensa. Ta Legas tana fitowa da NSENG. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin wasu kamfanoni suna kasuwa biyu. Kamfanin mai na Seplat tun 2014 ake cinikinsa a Legas da Landan, haka ma Airtel Africa tun 2019, kuma na Landan da kuɗin Ingila ake lissafa shi. MTN ɗin da ke kasuwar Johannesburg uwar kamfani ce, da kuɗin Afirka ta Kudu ake sayen ta, ba ita ce MTNN ba. Idan ba ka ga NGN a saman ma'aunin farashi ba, to ka shiga wata kasuwa.

Sai ka duba kusa da sunan ko akwai alamar da ke nuna farashin na zuwa da jinkiri. In akwai, jadawalin na nazari ne kawai. Farashin da za ka sa oda da shi, daga manhajar dillalinka za ka ɗauko.

Agogo

A can ƙasa ta dama akwai agogo. Danna shi, ka zaɓi Lagos, wanda ke gaban agogon duniya na UTC da awa ɗaya. Najeriya ba ta sauya agogo da rani ko da damina, amma Turai da Amurka suna yi, kuma a nan ne masu bin kasuwannin waje ke rikicewa. Kasuwar New York na buɗewa da tara da rabi na safiyarsu. Daga Lahadi ta biyu a watan Maris zuwa Lahadin farko a Nuwamba, wannan ya zo daidai da biyu da rabi na rana a Legas. Sauran watannin kuma uku da rabi ne. Landan na buɗewa da takwas: lokacin zafinsu takwas ɗin ce a nan, lokacin sanyinsu kuma tara. In ka sa agogon a Lagos, manhajar za ta riƙa yi maka wannan lissafin da kanta.

MetaTrader ba ta ba da wannan dama. Agogon da ke jadawalinta na dillali ne, ba a sauya shi. Dubi lokacin da ke saman akwatin Market Watch, ka gwada da na wayarka, ka rubuta bambancin a takarda ka manna kusa da kwamfuta. Dillalai da yawa agogonsu na gaban na Legas da awa ɗaya ko biyu, gwargwadon watan da ake ciki. Ka sani kuma MetaTrader galibi ta kuɗin ƙetare ce da zinariya da makamantansu. Mai bin NGX zai fi zama a TradingView ko manhajar dillalinsa.

Kyandir, da tsawon lokacin da kowanne ke ɗauka

Zaɓi Candles a jerin nau'o'in zane. A MetaTrader kuwa danna Alt da 2. Kowane kyandir na faɗin abu huɗu: inda farashi ya buɗe, inda ya rufe, ƙololuwar da ya kai da ƙasan da ya taɓa. Jikin kyandir shi ne tsakanin buɗewa da rufewa, lagwanin sama da na ƙasa kuma su ne iyakokin. Zanen layi ɗaya rufewa kaɗai yake nunawa, ya ɓoye sauran ukun. Akwai wani da ake kira Heikin Ashi mai daɗin kallo, domin yana fitar da dogayen jerin kore ko ja babu gargada. Kada ka mai da shi babban jadawalinka: lambobin da ke jikinsa matsakaici ne da aka lissafo, ba farashin da aka yi ciniki a kai ba, kuma in ka sa oda da su za ka ga ba su dace da na dillali ba.

Game da tsawon lokaci, ra'ayina a bayyane yake: mai bin NGX ya sa 1D, kyandir ɗaya na rana ɗaya, ya riƙa leƙa 1W na mako don ganin babbar hanya. Jadawalin minti biyar da ake gani a bidiyon masu koyar da cinikin kuɗin ƙetare, in ka buɗe shi a kan ƙaramin kamfanin inshora na Legas, abin da za ka samu shi ne ɗigo-ɗigo da gajerun layuka a kwance, domin ba a yi cinikin da zai cika kyandir ba. Manyan bankuna suna da cinikin da zai iya ɗaukar jadawalin awa ɗaya, amma ko su, na rana ne ke faɗin labarin. Danna tauraron da ke gefen 1D da 1W da 1M don su zauna a saman allo, ka huta da buɗe jeri kullum.

Ma'aunin farashi: a nan a tsaya a natsu

Ma'aunin da ke gefen dama iri biyu ne. Na farko yana ba kowace naira tazara ɗaya: daga 10 zuwa 20 tsayinsa ɗaya da daga 100 zuwa 110. Na biyu, wanda ake kira log, kaso yake aunawa: daga 10 zuwa 20 tsayinsa ɗaya da daga 100 zuwa 200, tunda kowanne ninki ne. Ɗan kasuwar Mile 12 ya san wannan ba tare da kwamfuta ba. Ƙarin dubu biyar a buhun albasar dubu goma tashin hankali ne, ƙarin dubu biyar a buhun dubu ɗari kuwa ko magana ba za a yi ba. Ma'aunin farko yana zana su da tsayi ɗaya.

Kasuwarmu ta fi kowace buƙatar log. Ma'aunin kasuwa baki ɗaya, wato ASI, ya fara ne daga maki 100 a Janairun 1984, ya haye maki 100,000 a Janairun 2024. Buɗe tarihinsa a ma'aunin farko, za ka ga shekarun farko sun kwanta shafe a ƙasa kamar babu abin da ya faru, shekarun baya-bayan nan kuma sun miƙe tsaye. Sa shi a log, sai hawan da aka yi kafin 2008 da mummunar faɗuwar da ta biyo baya su fito da ainihin girmansu. Haka MTNN da ya shiga kasuwa a naira 90 a watan Mayun 2019 daga baya ya ninka: motsin naira tara a farkon nan kashi goma ne, bayan ninkin kuwa kashi biyar. Don kunna log, kai linzami ƙasan ma'aunin ka danna L, ko Alt da L. Ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kansa, domin layin da ka ja a karkace a ma'auni ɗaya ba zai taɓa wurare ɗaya ba in ka koma ɗayan. Layin kwance ne kaɗai ba ya damuwa.

Kusa da L akwai A, mai daidaita tsayin jadawali da kansa don ya cika allo. Bar shi a kunne, amma ka san halinsa: duk motsin da ya samu, babba ko ƙarami, sai ya miƙe shi daga sama har ƙasa. Hannun jarin naira biyu da ya yi mako yana kai-komo tsakanin kwabo huɗu zai fito maka kamar duwatsu da kwari. Maganin wannan shi ne ka sa idonka ya saba da kaso, ba tsayin zane ba. Shiga Settings, alamar da ke kama da ƙafar inji, ka je Status line, ka kunna nuna lambobin buɗewa da rufewa da kuma canjin kyandir. Daga nan duk kyandir ɗin da ka ɗora linzami a kai, za ka ga kashi nawa ya motsa. A shafin Symbol kuma bar Precision a kan lambobi biyu bayan ɗigo, tunda ƙananan hannayen jari da kwabo ɗaya-ɗaya suke tafiya.

Wata 'yar dabara ga wanda jarinsa ke da alaƙa da dala, kamar masu shigo da kaya ta Apapa. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a hukumance, a 2024 ta wuce 1,500. Hannun jarin da ya ninka a naira cikin wannan tsakani, a dala baya ya ci. A akwatin nema za ka iya rubuta sunan kamfani, ka sa alamar rabawa, ka biyo da USDNGN, wato farashin dala a naira, sai manhajar ta zana maka farashin a dala. Ba farashin canjin bakin titi take amfani da shi ba, amma ya isa ya nuna maka alkibla.

Rabon riba da bonas

Wannan saitin ne aka fi mantawa, kuma shi ya fi tsorata sababbi. Idan kamfani zai raba riba, bayan ranar tantance waɗanda suka cancanta ana rage farashin da daidai abin da za a raba. A ce hannun jari na naira 60, an ayyana rabon naira 4. Washegari zai tashi daga 56. A jadawali za ka ga rami, kamar an gudu daga kamfanin, alhali babu wanda ya yi asara: naira huɗun na hanyar shiga asusun banki. Bonas, wato ƙarin hannun jarin da kamfani ke rabawa kyauta, shi ma haka. In an ce ɗaya a kan kowane huɗu, mai huɗu a naira 50 yana da 200. Bayan bonas yana da biyar a naira 40, kuɗinsa na nan yadda yake.

Je shafin Events cikin Settings, ka kunna alamun rabon riba da rarraba hannun jari da sakamakon kuɗi. Za su fito a ƙasan jadawali da haruffa D da S da E. Duk ramin da ka gani, fara duba ko akwai harafi a ƙarƙashinsa, sannan ka gwada da sanarwar da kamfanin ya fitar ta NGX. Tun da Babban Banki ya umarci bankuna a Maris 2024 su ƙara jarinsu, har naira biliyan 500 ga masu lasisin ƙasa da ƙasa, bankuna da dama sun sayar wa masu hannun jarinsu sababbin hannayen jari, don haka jadawalin banki na wannan lokaci sai an karanta shi tare da sanarwa.

Sai maɓallin ADJ da ke ƙasa kusa da agogo. In ka kunna shi, manhajar za ta sauke tsofaffin farashi don ta cike ramukan rabon riba. Yana da amfani in kana son sanin abin da mai riƙe da hannun jarin banki shekara biyar ya samu gaba ɗaya. Amma lambobin baya sun daina zama waɗanda aka yi ciniki a kansu. Wanda ya saya a naira 40 bara yana tuna 40 ne, a nan zai so ya fita in farashi ya dawo, ba a 36 da gyaran ya nuna ba. Saboda haka mai jan layin daɓe da rufi, wato inda farashi ya saba tsayawa in ya faɗo da inda ya saba juyawa in ya hau, ya bar ADJ a kashe. Kunna shi lokacin lissafi, ka mayar in ka gama.

Yawan ciniki

Danna Indicators, ka nemi Volume, ka sa. Sandunan da ke fitowa a ƙasa adadin hannun jarin da aka yi ciniki ne a kowace rana. Shiga saitinsa ka kunna layin matsakaici, ka bar shi a 20, kimanin kwanakin ciniki na wata guda. A Legas wannan ya fi duk wani ma'auni daraja. Kasuwar na da ƙa'idar adadin da sai an yi cinikinsa kafin farashin allo ya motsa, kuma akwai kamfanonin da mafi yawan hannun jarinsu na hannun mai su, kaɗan ne ke yawo a kasuwa. Kyandir kore dogo da sandarsa ba ta kai layin matsakaici ba, mutane ƙalilan ne suka yi shi, kuma ranar da ka zo sayarwa mai yiwuwa ba za ka samu mai saye ba. Rage hasken sandunan don kada su rufe kyandirori, ko ka ja su zuwa nasu ɓangaren a ƙasa.

A MetaTrader, Ctrl da L ke fito da su, sai dai a kuɗin ƙetare yawan sauyin farashi suke ƙirgawa, ba yawan kuɗin da aka yi ciniki ba.

Yanzu sai launi

Danna alamar Settings, ko F8 a MetaTrader ka je Colors. Baƙin bango ya fi wa ido sauƙi da dare, kuma a wasu wayoyi yana rage cin batir. Farin bango ya fi fitowa a shago mai haske ko cikin mota da rana. Layukan raga na bango, dusashe su sosai ko ka kashe su. Ctrl da G ke yin haka a MetaTrader. Kore na hawa, ja na sauka, shi aka saba da shi a nan, ko da yake a China da Japan ja ne hawa, don haka in an turo maka hoton jadawali daga can kada ka karanta shi a juye. Wanda idonsa ba ya rarrabe ja da kore ya sa shuɗi da ruwan goro. Jiki da gefe da lagwani duk su zama launi ɗaya.

Akwai wani ɗan akwati a shafin Symbol da ke sa launin kyandir ya bi rufewar jiya maimakon buɗewar yau. Ga mai bin NGX ina ganin ya cancanci a kunna. Sau da yawa hannun jari zai buɗe ya riga ya kai iyakar kashi 10, ya zauna a nan har a tashi. Buɗewa da rufewa sun zama ɗaya, kyandir ba shi da jiki. Ko kuma ya buɗe a sama sosai ya ɗan sauko, ya fito ja alhali ya fi na jiya. Da wannan akwatin, launin zai dace da abin da ya faru da kuɗinka.

Ma'aunai: biyu sun isa

Asusun kyauta na TradingView yana taƙaita yawan ma'aunan da za ka ɗora, wato Indicators, kuma wannan ba hasara ba ce. Sa matsakaicin farashi mai tafiya, wato Moving Average, na kwana 50 da na 200 a jadawalin rana, ɗaya siriri ɗaya mai kauri, da launukan da ba ja ba kuma ba kore ba. Ka tuna kwanakin ciniki ake ƙirgawa, biyar a mako ban da hutun Sallah da Kirsimeti da sauransu, don haka 200 ya kusa wata goma. In kana son ƙari, akwai RSI, mai auna ƙarfin hawa da sauka, wanda Welles Wilder ya fito da shi a 1978. Yana zuwa da lissafin kyandir 14 da layukan 70 da 30: sama da 70 akan ce hawan ya yi yawa, ƙasa da 30 akan ce saukar ta yi yawa. Bar su yadda suke. Sai dai hannun jarin da ya yi kwana biyar a jere yana buga iyakar kashi 10 zai manne a saman 70 ya ƙi saukowa, kuma hakan ba umarnin sayarwa ba ne. Ma'aunai shida a allo ɗaya, duk daga farashi ɗaya aka lissafo su, maimaita magana suke yi.

A shafin Canvas bar fili a dama, kamar na kyandir goma, don na ƙarshe kada ya manne da ma'auni. Chart Shift ke yin wannan a MetaTrader. A can kuma kunna layin Ask, domin jadawalinta da farashin Bid ake zana shi, wato farashin da kake sayarwa a kai, kai kuwa a Ask kake saye. Alt da H na jan layin kwance a TradingView. Layi uku ko huɗu a kamfani ɗaya sun wadatar, ka ja su daga jadawalin mako.

A jerin sa ido na gefen dama, sa ASI a sama, sannan kamfanonin da kake bi, kada su wuce abin da za ka iya dubawa tsakanin Magariba da Isha. Mai kauce wa bankunan ruwa da kamfanonin giya zai iya duba kamfanonin da ke cikin ma'aunin Musulunci na NGX Lotus Islamic ya fara tsara jerinsa daga nan.

Adanawa

Kada ka jira sai ka gama, wuta ba ta sallama kafin ta tafi. A TradingView sai ka shiga da asusunka kafin wani abu ya adanu. Danna Ctrl da S, ka ba tsarin suna, ka kunna Autosave. A ƙasan akwatin Settings ta hagu akwai Template: adana launukanka a nan da suna. Kowane ma'auni ma yana da wurin Save as default a saitinsa, don ya riƙa zuwa da launi da lambar da ka zaɓa. In jadawali ya hargitse saboda jan ma'auni da hannu, Alt da R zai dawo da shi.

A MetaTrader, danna dama a kan jadawali, ka bi Templates zuwa Save Template, ka sa masa suna default. Duk sabon jadawalin da ka buɗe daga nan da tsarinka zai zo. Fayil ɗin a kwamfutar yake zaune, ba a intanet ba, don haka shiga File, ka danna Open Data Folder, ka nemo jakar Templates, ka kwafe ta a filashi ko ka tura wa kanka ta imel kafin ka kai kwamfuta gyara Computer Village.

Tsarin TradingView zai biyo ka waya muddin asusu ɗaya ne. Na MetaTrader ba ya bi, sai ka sake saita launi da ma'aunai a wayar da hannu. A waya kuma kwantar da ita a gicciye, ka rufe ɓangaren RSI, ka bar kyandir da yawan ciniki kaɗai, sannan ka duba ƙasa ka tabbatar L na kunne kuma ADJ na yadda ka bar shi a kwamfuta kafin ka amince da layukan da kake gani.